Waƙar da Ta Haƙa Mana Rijiya

Jama'a, masu miƙa wannan takarda tawa hannu zuwa hannu a inuwar kasuwa, da masu zama a karanta muku ita, ina gaishe ku. Ni ne dai Sallau na Tsamiyar Dogo, nan ƙasar Sule Tankarkar, manomin gero, mai ɗan ajamin da bai kai a ce da shi malam ba. Yau labarin taron waƙa na Gumel na kawo muku, kuma zan fara da wanda ya fi kowa shan wuya a taron, wato jakina.

Da hantsi muka iso bakin gari, ni da maƙwabcina Kawu Ɗantsoho. Ina bisa jaki, shi yana ƙasa da sandarsa, don ya ce hawan jaki na tayar masa da ciwon ƙugu. Takardar waƙata tana cikin gafaka, na rataya ta a wuya ina tafe ina bitar baituka. Sai wani ƙato mai kulki ya tare hanya, ya dafa wuyan jakin kamar tare suka tashi.

Ya ce, "Kai ne mai jakin nan?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Mawaƙi ne ni, gayyata ta aka yi."

Ya ce, "Madalla. Shi ma an gayyace shi. Sauka."

Na sauka. Da na tambayi wane baiti jakin zai karanta, sai ya ce ruwa zai yi jigila. Za a yayyafa wa filin taro ne don ƙasa ta yi sanyi kafin manya su taka. Ina tsaye aka aza masa salka biyu, aka kora shi cikin ayarin 'yan uwansa, ko waiwayo na bai yi ba. Kawu ya gyara tsayuwa ya ce, "Ka ga albarkar ilmi ko, Sallau? Ko baki ba ka buɗe ba an fara sallamar ka."

To, kafin in kai ku filin, bari in gaya muku abin da ya fitar da ni daga gida cikin wannan zafi na bazara, ni da ban taɓa karanta waƙa gaban kowa ba sai gaban awakina.

Rijiyar garinmu ta rufta tun daminar da ta wuce waccan. Daga ranar matanmu suka koma ɗebo ruwa a wani ƙauye can yamma da mu. Matata Lauratu kan fita da asuba, ba ta dawowa sai rana ta take, tulu a ka, ƙafa duk ƙaya. Wuyanta ya sage, har in za ta dube ka sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya. Muka kai kuka wurin wanda ake kai wa kuka. Ba zan faɗi sunansa ba, ina da iyali. Mu dai a garinmu Mai Girma Uban Alkawura muke ce masa, kuma wallahi sarautar ta zauna masa daidai.

Allah ya ja zamaninsa, bai yi nawa ba. Ya zo da kansa, ya leƙa tsohuwar rijiya, ya girgiza kai, har ya share ido da bakin rawani. Ya ce wannan tsohon rami bai dace da mutane irinmu ba, sabuwa za a haƙa mana, kuma duk wanda ya kuskura ya taɓa tsohuwar ya raina aikin manya, zai gamu da hukunci. Ya sa aka kafa turke a gindin tsamiya, ya ce nan ne wurin. Aka tara kaji da dammunan gero na guzurin mahaƙa, aka bi shi da su. Kajin sun isa lafiya, don mun sami labari. Mahaƙan ne har yau ba su taso ba. Da kaka ya sake zuwa, ya dubi turken, ya ce an kafa shi a karkace, aka cire aka matsar da shi gaba kaɗan. Wannan ma sai da ya ci kaji.

Ana nan sai mai shela ya zaga kasuwanni, wai Mai Girma ya kira taron ma'abota waƙa a Gumel. Duk mai rubutacciyar waƙa, daga Maigatari har Gagarawa, ya zo ya rera gaban wani Babban Baƙo da zai zo daga nesa, don ya ga ƙasarmu ƙasar ilmi ce da kwanciyar hankali. Wanda duk ya gamsar, za a sa masa riga. Na ce wa kaina, ga mutumin da ba ya samuwa a gida zai zauna wuri ɗaya dole ya saurara. Na jiƙa tawada na zauna.

Ranar da za mu taso, Lauratu ta raka ni har bakin danga. Ta ce, "Malam, ni ban san baiti ba. Amma in ka je ka yabi mutumin nan don riga, kada ka dawo ka tambaye ni ruwan alwala."

Da wannan addu'ar na bar gida.

Filin taro kuwa, jama'a, sai wanda ya gani. An kafa rumfa ta sabbin zana, doguwa, an shimfiɗe ta da darduma, an jera tuluna masu raɓa a gefe. Wannan ta manya ce. Mu mawaƙa, da aka ce don mu aka yi taron, an ware mana wuri na musamman a tsakar rana, inda ba abin da zai shiga tsakaninmu da hasken Ubangiji. Bayan rumfa ana ta gashin raguna. Iska ma ta san aikinta, ta riƙa kawo mana ƙamshin daidai gwargwado, ba wanda aka zalunta.

Ga jakuna suna ta shigowa da salkuna, ana kwance bakinsu ana tuttule ruwa a yashi, yashi na shanyewa, ana komawa. Na tsaya ina kallo. Abin da aka zubar kafin azahar ya ishi garinmu sha da girki har da wankan jego. Wani ya nemi a ɗan tsiyaya masa a tafi ya jiƙa maƙoshi, aka ce masa ruwan fili ne, ba na mutane ba.

Kusa da ni wani dattijo ne daga Maigatari, Malam Ubale, siriri, mai farin gemu, ya rungumo takardu masu kauri. Ya ce mini waƙar wa'azi ce, tun shekarar da aka daina karɓar wuri aka koma kwabo yake gyaran ta. Muna cikin gaisawa aka ce mawaƙa su zagaya bayan rumfa ɗaya bayan ɗaya, za a ji waƙoƙinsu tukuna.

A can muka tarar da na hannun daman Mai Girma, wani mai santsin fuska da santsin harshe. Shi ne mai tace waƙoƙi kafin su shiga, shi ne kuma tafintan da zai juya wa Baƙo su in sun fito. Na naɗa shi Sarkin Rariya, ban kuma ji ya ƙi ba. Yana kishingiɗe yana cin goro, ya ce Malam Ubale ya fara.

Dattijo ya buɗe murya, murya mai daɗi wallahi, ya shiga zancen mutuwa da kwanciyar kabari.

Sarkin Rariya ya ɗaga hannu. "Dakata, Malam. Yau ba a mutuwa. Baƙo ya sha hanya, kada a ɓata masa rai. Tsallake."

Ya tsallake, ya faɗa kan ranar hisabi, inda za a tambayi kowane shugaba abin da aka ba shi kiwo.

"Wane shugaba kake nufi?"

"Kowanne, ranka ya daɗe."

"To ai ka ga abin ya yi yawa. Tsallake."

Haka aka yi ta tsallake, aka tsallake azzalumi, aka tsallake mai tauye mudu, aka tsallake mai cin dukiyar maraya, wai kada wani a rumfa ya zaci da shi ake. Da aka gama tankaɗe, abin da ya rage wa Malam Ubale daga aikin shekaru shi ne bisimilla, da salati, da tammat. Ya naɗe takardunsa. Ya ce mini a hankali, "Ɗana, can ƙetaren iyaka wajen Faransa na ga ana ƙwace wa mutum raƙumi. Ban taɓa ganin an ƙwace wa mutum lahira ba sai yau."

Aka zo kaina. Na karanta duka, ban rage ba. Sarkin Rariya ya daina tauna goro.

Ya ce, "Sallau kake ko? Kana da baiwa. Sai dai akwai 'yan tsakuwoyi. Cire ƙishirwa. Cire turke. Kajin nan ma su fita, taron ilmi ne ba kasuwar tsuntsaye ba. Ka bar Mai Girma, ka bar rijiya, ka haɗa su da godiya. Ka ji?"

Na buɗe baki zan yi musu, Kawu ya taka mini ƙafa. Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Da muka fito Kawu ya ce, "Ka ce ka ji, ai kuwa ka ji. Ba ka ce za ka yi ba. In ka tsaya a fili, bakin nan a fuskarka yake, ba a tasa ba."

Sai bayan azahar manya suka iso. Babban Baƙo ya zauna bisa kujera, fuska ta yi ja don zafi, yana fifita da hularsa. Mai Girma Uban Alkawura ya zauna dama da shi cikin riguna bisa riguna, har na tausaya wa dokin da ya kawo shi. Ya yi jawabin buɗe taro. Ya ce shi tun yana yaro ba abin da yake ƙauna kamar waƙa, kuma nan gaba kaɗan zai gina wa mawaƙa zaure nasu na kansu. Kawu ya raɗa mini, "Ku tanadi kaji."

Aka fara. Wani daga Gumel ya kwatanta Mai Girma da hadarin gabas. Wani daga Gagarawa ya ce hanyar jirgin ƙasan da ake raɗe-raɗin za a jawo ta wajensu, don ta ga fuskar Mai Girma take son zuwa. Duk wanda ya gama, sai a fito da wata riga shuɗiya mai aiki a wuya, a zura masa, mai shela ya kwarara kirari, a yi bayan rumfa da shi. Na ce kai, yau an yi asarar riguna, kuma duk iri ɗaya. Malam Ubale ya fito ya yi bisimilla, ya yi salati, ya tsaya shiru yana duban rumfa har wurin ya yi tsit, sannan ya ce tammat. Ban taɓa jin wa'azin da ya kai wannan shirun ba. Shi ma aka zura masa riga.

Sai na ji an ce, "Sallau na Tsamiyar Dogo!"

Na fito tsakiyar fili. Na tsaya a kan yashin da aka jiƙa, na dubi rumfa, na ga kulake a jere bayan manya. Zuciya ta ce, Sallau, godiya baiti ɗaya ce, yi ka tafi gida da riga. Sai na tuna yadda Lauratu ke sauke tulu, ta dafa bango, ta daɗe ba ta miƙe ba. Na buɗe takarda na rera yadda na rubuta:

Bismillahi na fara, ya Mai raya duniya,
Ka ba ni ikon faɗin abin da ke gaskiya.

Mutan garinmu ƙishirwa ta hana mu lafiya,
Mata suna ta sintiri, tulu ya cinye wuya.

An zo an kafa turke, an ce a nan rijiya,
Turke ya shekara tsaye, ba guga ba igiya.

Mai girma ya yi alkawari a gindin tsamiya,
Mun ba da kaji da dame, ruwan yana kan hanya.

Ban kai ƙarshe ba na ji sahun gaba ya ɗauki guna-guni. Wani ya tuntsire da dariya ya mai da ita tari. Wata tsohuwa mai sayar da fura ta rangaɗa guɗa, aka yi mata tsawa. Mai Girma kuwa murmushinsa bai motsa ba, sai dai ya bushe a fuskar kamar an shanya shi. Na ce shi ke nan, yau a ɗaure zan kwana, amma dai ya ji.

Babban Baƙo ya karkata wajen Sarkin Rariya yana tambaya. Ashe cikin Hausa duka kalma biyu ya riƙe, rijiya da madalla, kuma ya ji ɗaya ta fito daga bakina. Sarkin Rariya ya durƙusa ya shiga zuba masa Turanci. Ni ban ji ko ɗaya ba, amma na ga hannuwa. Na ga yana jan igiya, na ga yana kurɓa daga tafinsa, na ga yana shafa ciki, na ga ya nuna Mai Girma da hannu biyu. Baƙo ya washe baki, ya miƙe, ya kama hannun Mai Girma yana girgizawa.

Ya ce, "Rijiya! Madalla!"

Sarkin Rariya ya juyo wajen jama'a, ko kunya babu. Ya ce, "Ga waɗanda ba su da zurfi a waƙa, bari in warware muku. Mawaƙi ya ce dā ƙishirwa ta hana su lafiya, dā. Yanzu ruwa ya yi yawa har mata sun gaji da ɗauka. Ya ce turken rijiyar ya shekara bai ko girgiza ba, don ƙarfin aiki. Ya ce ba guga ba igiya, wato ruwan ya taso har baki, da ƙwarya ake ɗiba. Kaji da dame kuwa, tukuicin farin ciki ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka..."

Mai shela ya danne ni da muryar da ta kai har kasuwar dabbobi: "Rijiyar Tsamiyar Dogo ta kammalu! Ruwa har baki! Allah ya ja zamanin Mai Girma!"

Na sahun gaba sun ji ni. Na baya, waɗanda suka fi yawa, shi suka ji.

Kafin in farga an zura mini shuɗiyar riga. Na ji ta da ɗumi, wuyanta jiƙe da gumi, tana ƙamshin turaren Malam Ubale. Aka ja ni bayan rumfa, wani ya ce, "Ɗaga hannu." Na ɗaga, ya zare ta, ya karkaɗe, ya ruga da ita don na bayana ya kusa tammat. Ashe riga ɗaya ce tun safe take zagaya mawaƙan ƙasa huɗu. Na tambaya ko akwai abin da mutum zai tafi da shi gida, aka ce mini daraja.

Da la'asar sakaliya aka sako mana jakuna. Nawa ya fito baya duk gyambo, yana tafe yana haki, ga shi ya yini ɗauke da ruwa ba a ba shi ko kurɓi ba. Ban iya hawansa ba. Mu uku muka tako a ƙasa, ni da Kawu da jakin.

Labari ya riga mu isa. 'Yan kasuwar da suka dawo da wuri sun shaida wa gari cewa Sallau ya tsaya gaban duniya ya gode wa Mai Girma kan rijiya, har an sa masa riga. Na yi sallama, Lauratu ta amsa daga can ciki, amsar da ake yi wa mai karɓar haraji.

Ta fito ta dube ni sama da ƙasa. "Ina rigar?"

"An karɓe."

"Wato ka sayar da mu, kuma ko kuɗin ba a ba ka ba."

Kawu ne ya cece ni. Ya rantse mata, ya maimaita baitukan da ya riƙe, har ya kwaikwayi Sarkin Rariya yana jan igiyar iska. Ta saurara har ya gama, na ga bakinta na so ya yi dariya ta hana shi. Ta ce, "Na yarda, Kawu. Allah ya saka masa. Amma tunda duniya ta ji ruwa ya zo har baki, gobe shi zai nuna mini inda bakin yake." Ta ajiye tulu a gabana. Washegari ni na bi mata zuwa yamma, ina tafe suna yi mini kirarin mawaƙi.

To, dā abin ya tsaya nan, da na ce dariya ce kawai. Bai tsaya ba.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, muka ji kukan shanu. Wani Bafillace ne, Bappa, dogo, mai malafa, ya koro garkensa daga wajen Maigatari. A kasuwa ya ji shelar rijiya mai ruwa har baki, ya baro mashayar da ake layi ana faɗa, ya yanko daji da dabbobinsa. Shanun sun rame, harsuna waje. Ya yi sallama ya ce a nuna masa gidan mai waƙa. Aka nuna masa.

Ya ce, "Kai ne ka ce akwai ruwa?"

Na ce, "Ni cewa na yi babu."

"To wa ya ce akwai?"

"Wanda ya fassara ni."

Bai gane ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Na kai shi gindin tsamiya na nuna masa turke. Ya daɗe yana kallon sa. Wata saniya ta zo ta shinshina turken, ta durƙushe a wurin, ba ta ƙara tashi ba. Bappa ya tsuguna ya dafa kanta yana kiran sunanta. Jama'a, a nan dariya ta ƙare mini. Ƙaryar da aka yi a inuwar rumfa don a faranta wa baƙo rai, ga ta ta zo ta kashe dabbar bawan Allah a ƙofar gidana.

Kafin magariba wasu fatake masu raƙuman kanwa suka sauka, su ma shelar ta jawo su. Washegari wani garken ya ƙaru. Garin da bai iya shayar da kansa ba ya cika da baƙi masu ƙishi. Matanmu suka riƙa raba ɗan abin da suka ɗebo, moɗa-moɗa, yara na kuka.

Bappa ya zo ya same mu a dandali. Ya ce, "Shanuna ba za su kai wata mashaya ba. Na ga tsohon rami can. Me ya hana ku yashe shi?"

Kawu ya ce, "An hana mu. An ce aikin manya ne."

Bappa ya ce, "Ni ba a hana ni ba. Ba na nan aka yi hanin."

Muka dubi juna. Kawu ya ce shi ma, in ya tuna da kyau, ranar kunnensa na ciwo. Nan take ciwon kunne ya kama gari duka.

Fatake suka kawo igiyoyin raƙumansu. Bappa ya ba da bijimin da ya fi sauran ƙarfi yana jan ƙasa daga rami. Muka sassaro itace muka riƙa tokare bango, masu shiga suna shiga, masu fita suna fita, mata na kwashe yashi da ƙwarya. Ni ma na shiga, kuma ina gaya muku ƙasan rijiya ba wurin baiti ba ne, wurin salati ne. Mun sha wuya, wani ɗan'uwan Bappa ya karye a yatsa, saniya ta biyu ta bi ta farko. Ranar da guga ya fito da laka mai ruwa, ba wanda ya yi guɗa ma, kowa zama ya yi a ƙasa. Lauratu ce ta ɗebi na farko da ya kwanta, ta miƙa wa Bappa, ta ce ya fara kai wa 'yan maruƙa.

Ruwa bai gama washewa ba sai ga Sarkin Rariya a sukwane, gumi har gemu. Ashe Baƙo ya ce in zai koma yana so ya biyo ya ga rijiyar nan da aka yi wa waƙa. Shi Sarkin Rariya ya zo ne ya ga ko za a haƙa wani ɗan rami a zuba masa ruwan salka. Da ya leƙa ya ga ruwa na gaske, sai da ya zauna a bakin rijiyar ya yi hamdala. Da ya huce kuma ya miƙe ya tuna shi wane ne. Ya ce an saɓa umarni, an taɓa tsohon rami ba izini. Amma Mai Girma mai afuwa ne, ya yafe, sai dai gari ya kawo rago na bikin buɗewa. Ya sa aka rufe bakin rijiya da zana, ya ce kada a ɗiba sai Mai Girma ya zo ya buɗe. Yana juya baya Lauratu ta ɗage zanar ta zura guga. Na ce, "An ce a jira." Ta ce, "Kai ka jira, kai ne mai daraja."

Ranar buki Baƙo bai zo ba, an ce ya bi wata hanya. Mai Girma Uban Alkawura dai ya zo. Ya yaye zana da hannunsa mai albarka, ya raɗa wa rijiya sunansa, ya ce ya sha rashin barci a kan aikin nan. Bappa na tsaye can gefe jingine da sandarsa, ba wanda ya ambace shi, ba wanda ya ambaci shanunsa biyu. Aka ci ragonmu. Da Mai Girma ya ƙoshi, ya goge hannu, ya miƙe ya ce tunda ya ga mu mutane ne masu godiya, yana da sabon albishir: kafin kaka mai zuwa zai gina mana gada.

Jama'a, ku da kuka san Tsamiyar Dogo kun san ba mu da kogi. Ko kwatar da za ta jiƙa wa akuya kofato babu. Na faɗa wa Kawu haka a hanyar gida, ya ce kada in yi gaggawa, mai yiwuwa kogin na cikin alkawarin, a baya zai biyo.

Ni dai na ba Lauratu tawada da alƙalami na ce ta ɓoye inda ban sani ba. Hannuna na ƙaiƙayi a kan gadar nan, kuma ina tsoron in rubuta wani ya fassara, mu wayi gari masunta sun cika mini ƙofar gida da kwale-kwale a ka, suna tambaya ta ina aka fi kama tarwaɗa.